Filasmar Shekarau da Shanun Huɗa

Ku gyara zama, ga wata nan ta gidan Shekarau.

A ƙauyen Tungar Maje akwai wani manomi ana ce masa Shekarau. Yaransa duk sun tasa sun bar gida, saura shi da matarsa Tabawa da ƙanensa Mati, sai shanun huɗa guda biyu, Goje da Ɗan Fari. Shanun nan su ne ƙarfin gidan. Su ke huɗar gona, su ke jan amalanke, abin da aka ci shekara da shi daga wuyansu yake fitowa.

Mati ya haura arba'in, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Ba ya ƙarya, ba ya ƙiwuya, ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne, abin da bakinka ya furta shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Tabawa ta daɗe da gane haka, shi ya sa kafin ta aike shi sai ta juya maganar sau uku a ranta. Shekarau kuwa, da suka fito ciki ɗaya, kullum sai ya manta.

Ana saura kamar wata guda ruwa ya sauka, Shekarau ya shiga birni sayen bakin garma. A hanya ya wuce wani shagon kayan wuta, ya hangi talabijin irin wadda ake ce wa filasma, mai inci tamanin da biyar, faɗinta kamar ƙyauren zaure an kwantar da shi. Ya tsaya baki buɗe har mai baro ya kusa ture shi. Da yamma ya dawo gida ba bakin garma, ya shaida wa Tabawa cewa zai sayar da shanun ya sayi filasma.

Tabawa ta tambaye shi ko filasmar ce za ta ja garma in ruwa ya sauka. Ya ce mata zamani ya wuce nan, tarakta zai ɗauko haya. Ta tuna masa waɗanda suka jira tarakta bara har geron maƙwabtansu ya kai gwiwa. Ya ce ita matsalarta ba ta ga abin da idonta ba, kuma shi ba mutum ne mai gaggawa ba, sai ya yi bincike tukuna.

"Wa zai yi maka binciken, Malam?"

"Mati."

Tabawa ta ɗauki muciyarta ta koma madafa, kafaɗunta na rawa don dariya.

Wata rana Shekarau ya kira Mati ya ba shi kuɗin mota. Ya ce shi ranar nan a tsaye ya ga filasmar, yana son wanda zai natsu ya duba ko tana da tabo ko tana ƙifta ido. Ya ce masa ya zauna a gabanta, kada ya taso sai abin da take nunawa ya ƙare. Mati ya tafi, ya yi sallama da mai shagon, Alhaji Nakowa, ya naɗe ƙafa a ƙasa daidai tsakiyar hanyar shiga. To, abin da masu shago suke sawa don jan ido ne take nunawa: kifaye masu launi, sai tsuntsaye, sai ruwa na zubowa daga kan dutse, sai kuma kifayen su dawo. Da aka tashi rufe shago aka kashe, Mati ya tambaya ko ya ƙare ke nan. Aka ce masa a'a, gobe ma shi za a sa. Ya nemi barandar masallaci ya kwana, gari na wayewa ya koma mazauninsa.

A rana ta uku Alhaji Nakowa ya bugo wa Shekarau waya, ya ce don Allah ya zo ya ɗauke mutuminsa, masu ciniki tsallake shi suke yi, ga shi ya fara gaya wa kowa tsuntsun da zai fito kafin ya fito. Shekarau ya bar sharar gona ya hau mota yana huci. Ya tarar da ƙanensa idanu sun yi jawur.

"Kwana uku, Mati. Me ka gani?"

"Yaya, tabo dai babu. Amma jan kifin nan tun shekaranjiya yake tafiya, har yanzu bai isa inda za shi ba."

Shekarau ya ɗaga hannu kamar zai kai masa duka, sai idonsa ya faɗa kan filasmar, hannun ya sauko da kansa. Alhaji Nakowa ya lura, ya jawo masa kujera, ya yi masa bayanin cewa mai girman wannan ba a zama kusa da ita, sai mutum ya ja baya taku goma sha biyu, in ba haka ba kai ya yi ta sarawa.

Wata rana, bayan dawowarsu, Shekarau zai fita gona ya ce wa Mati ya shiga ɗakinsa ya jingina bayansa da bangon gabas, ya yi taku goma sha biyu a miƙe ba karkacewa, inda ya tsaya ya ajiye masa kujerarsa. Ɗakin kuwa ƙofarsa kudu take kallo. Mati ya yi taku biyar, goshinsa ya gamu da bangon yamma. Ya tsaya ya yi nazari, ya fita ya ɗauko dagi. Tabawa ta ji bugu kamar ana sussuka a cikin ɗaki, ta leƙo ta tambayi maigida ƙarami, yadda take tsokanarsa, me yake yi. Ya ce Yaya ne ya ce kada ya karkace. Kalma ɗaya ta ishe ta ta tsayar da shi. Ta dube shi, ta dubi bangon, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma kan tankaɗenta.

Da azahar Shekarau ya dawo ya samu bangon ɗakinsa da ƙofa sabuwa daidai tsawon Mati. Sawun ƙafa ya bi ta tsakiyar kukar da Tabawa ta shanya, ya haura 'yar katangar awaki. Can cikin turke ga kujerarsa, wata akuya ta haye kai tana tuƙa. Ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Ya tambayi Tabawa tana ina aka yi wannan ɓarna, ta ce ai ba ta son shiga binciken maza. Mati ya jira ya gama, ya kore akuyar, ya kakkaɓe kujerar da hularsa ya ce ya zauna ya gani. Abin da ya fi ƙona wa Shekarau rai shi ne ya zauna ɗin, kuma ta cikin ramin ana ganin bangon gabas tas, ba abin da ya tare. Kwana biyu suka yi suna kwaɓa ƙasa suna liƙe bango.

Suna cikin liƙin Tabawa ta kawo musu kunu, ta tambaya a hankali da wace wutar za a kunna abin. Shekarau ya ce wuta ana kawowa, ita ce ba ta lura. Don ya rufe mata baki, ya nuna wa Mati ƙwan lantarkin tsakar gida ya ce ya sa masa ido, duk sa'ad da aka kawo wuta, ko yana ina, ya zo ya faɗa masa.

Karo na farko Shekarau yana makewayi Mati ya tsaya a bakin zana yana rattaba sallama. Na biyu yana ƙarƙashin askar wanzami, Mati ya faɗo da gudu, wanzamin ya zabura ya bar masa shaida a ƙeya.

Wata rana kuma aka yi rasuwa a gidan mai unguwa. Zaure ya cika maƙil, dattawa sun sunkuyar da kai ana jan carbi, Shekarau yana can ciki kusa da masu karɓar gaisuwa. Sai ga Mati yana haki, ya ratsa mutane yana taka bakin riguna, ya durƙusa gaban yayansa.

"Yaya, albishirinka. An kawo."

Mai unguwa ya ɗago kai a hankali. Shekarau ya damƙi hannun Mati zai fitar da shi, sai Mati ya ɗaga ido ya dubi ƙwan zauren ya ce a'a, ya yi zamansa, ai har sun mayar da abinsu. Wani tsoho ya toshe baki da rawani yana tari. Sai da Shekarau ya koma da yamma shi kaɗai ya sake yin ta'aziyya, ya haɗa da ban haƙuri.

Cikin kwana tara sau huɗu aka kawo wuta, kuma ba wadda ta jira Mati ya dawo gida. Tabawa ta ɗauka magana ta mutu. Shekarau ya kwana yana tunani, da safe ya ce ya gane inda matsalar take: filasma sai da janareta, saboda haka za a haɗa da amalanken a sayar. Tabawa ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce masa shekara ashirin da shida ba ta taɓa auno hatsi a kasuwa ba, bana ga alama za ta koya. Ya yi kamar bai ji ba.

Ranar Laraba kasuwar shanu take ci a garin da ke gaba da su. Shekarau ya shirya da wani dillali mai suna Sallau cewa Mati zai kai shanun, shi kuma zai wuce birni ya jira a shago, ciniki na faɗawa a bugo masa waya. Gaskiyar magana, ba ya son ya ga ana jan su. Da ya zo kwance su, Goje ya sa hanci a aljihunsa yana neman ƙanzo yadda ya saba. Shekarau ya kawar da kai, ya miƙa wa Mati igiya, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, irin maganar da mutum kan yi don ya sanyaya wa kansa rai, kada dai a sayar da su sai ga wanda zai riƙe su yadda ake riƙe su a gidan nan.

A birni Alhaji Nakowa ya sa aka sauko da kwalin filasmar, aka kira mai a-kori-kura ya tsaya a ƙofa. Azahar ta yi, waya shiru. La'asar ta yi, mai motar ya gaji ya tafi. Can sai ga kiran Sallau, yana magana kamar zai fasa wayar. Ya ce shekara talatin yana dillanci bai taɓa ganin irin wannan ba. Masu saye bakwai ya kawo, kowanne Mati sai ya tsare shi da tambaya: da asuba yake ba da dusa ko da hantsi, yana jiƙa kanwa, akwai inuwa a turkensa, ya san Ɗan Fari ba ya shan ruwa in ana kallonsa. Wani mahauci ya ce shi zuwa gobe da safe kawai zai riƙe su, Mati ya ce bai isa ba. Wani mai lodi zuwa Kudu ya yi tayi mai tsoka, Mati ya leƙa cikin tirelarsa ya ce babu wurin kwanciya. Wani manomi ya kusa tsallakewa, sai aka gano da bulala yake huɗa. Yanzu haka, in ji Sallau, Mati ya kaɗa shanun ya bar kasuwa.

Shekarau ya fito daga shagon ko sallama bai yi ba. Duk tsawon hanya yana tsara abin da zai faɗa wa Mati, yana gyarawa yana ƙarawa. Rana ta yi ja ya shiga gida. Ga Goje da Ɗan Fari a tsakar gida suna cin harawa, Mati na tsaye riƙe da igiyarsu, bai ɗaure su a turke ba. Tabawa na bakin madafa ta tsayar da aikinta.

Kafin Shekarau ya buɗe baki Mati ya riga shi. Ya ce ya bi kasuwa kusurwa-kusurwa, ya tambayi kowa, har da waɗanda ba saye suka zo yi ba. Da ya zauna ya auna, duk ƙasar nan mutum ɗaya ne yake riƙe shanu yadda ake riƙe su a gidan nan, shi ya sa ya kawo masa su har gida.

"Wane ne?" in ji Shekarau.

"Kai ne, Yaya. Taya."

Shekarau ya nemi turmi ya zauna. Duk maganar da ya tsaro a mota ta tsere masa. Ya dubi shanun, ƙafafunsu sun yi futu-futu da ƙurar hanya. Iska mai sanyi ta taso daga gabas ta kaɗa zanan gidan, can nesa hadari ya fara haɗuwa, na farko a shekarar.

"Na saya," ya ce.

Mati bai saki igiyar ba. Ya ce wanda ya aiko shi ya kafa sharaɗi, kuma ba zai karya shi don sanayya ba.

"Za ka riƙe su?"

Tabawa ta juya baya tana gyara itacen murhu da ba ya bukatar gyara. Shekarau ya share fuska da tafin hannu, ya yi tsaki mai tsawo.

"Zan riƙe su, Mati. Kawo igiyar."

Mati ya ce ya sallama, Allah ya sa albarka, ya danƙa masa igiyar da hannu biyu yadda ake yi a kasuwa. Ɗigon farko ya faɗo a kan ƙahon Goje, Tabawa ta ruga kwashe shanya.

A nan labarin ya kai turke.