Zukata Uku a Kan Rawanin Kaka

 Ana saura kwana biyu sadakar arba'in ɗin kakanmu, Baba ya ce a je Ɗanbatta mai kwamfuta ya tsara sanarwa. Na ce, "Haba Baba, ina gidan nan? To me na je yi sakandare?"

A wayata na samo wani tsari mai haruffa masu kusurwa-kusurwa, kamar an jera bulo. Na ce yawwa, ga rubutu mai nutsuwa, irin na bangon masallaci. Na ɗora hoton Kaka, na rubuta rana da lokaci, na tura guruf ɗin dangi ko dubawa ban yi ba.

Ashe rubutun tsohon gem ɗin waya ne, irin mai rai uku, kuma abin bidiyo ne. Kawu Sule ya buɗe shi a gaban liman, a gindin darbejiya. Sai ga kiɗa, tilin-tilin-tilin! Jajayen zukata uku suka fito a saman rawanin Kaka, kamar rayukan ɗan wasan gem, suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sannan hoton ya yi tsalle ya faɗo.

Gwaggo ta kira ni tana salati: "Ke 'yar nan, me tsohon nan ya yi miki?" Baba kuwa kallona kawai ya yi. Na goge da sauri, amma tuni ya isa Kano.

Yanzu ko atishawa na yi, sai Yaya Habu ya ɗaga yatsu: "Sannu Injiniya, saura rai biyu."