Sunan da Ya Fi Ƙarfin Kwamfuta

Idan ana maganar manyan mutane, a fara da Shugaban Sashen Manhaja na cibiyar bincike, sannan a huta, domin duk wanda za a ambata bayansa ƙarami ne. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar muƙamai. Yana da goma sha ɗaya, kuma ya san ranar da ya samu kowanne. Allon ƙofar ofishinsa sau uku ana sake shi, na ƙarshen har ya ɗan ci bangon maƙwabcinsa. Wata mai buga takardu ta taɓa gajiya a muƙami na shida ta rubuta "da sauransu". Yanzu tana sito tana raba tsintsiya. Tun daga ranar ake kiransa Malam Da-Sauransu, amma sai an tabbatar ya hau bene.

Babban aikinsa a duniya shi ne wata taskar manhaja da ya rubuta shekara tara da suka wuce, wadda duk lissafin cibiyar ke bi ta cikinta. Doka ce ba a taɓa ko ɗigo a ciki sai an cika fom ɗin gyara ya sa hannu. A shekara tara bai sa hannu ko sau ɗaya ba, saboda a cewarsa ba a gyara abin da ba shi da aibi.

Sai dai babbar kwamfutar cibiyar ba ta da tarbiyya. Ta ɗauki ɗabi'ar suma ana tsakiyar aiki. Masana na kiran ciwon yoyon ƙwaƙwalwa: manhaja ta ari wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta gama lissafi, ta ƙi mayarwa, ta sake aron wani, kamar mai kwasar kujerun ɗakin taro ɗaya bayan ɗaya har a rasa wurin zama. Da wuri ya ƙare sai komai ya tsaya, aikin kwana biyu ya tashi a banza.

Wadda abin ya fi dama ita ce Dakta mai lissafin ambaliya. Shekara uku tana kan aikin. Ranar Litinin da ƙarfe goma kwamiti zai zauna, kuma an faɗa mata a rubuce cewa idan babu sakamako za a rufe aikin a ba wani ɗakinta. Lissafinta na buƙatar awa hamsin ba tsayawa. Kwamfutar kuwa a awa arba'in da huɗu take sumewa. Sau uku ke nan.

Malam Da-Sauransu ya sauko ɗakin kwamfuta da kansa, hannaye a baya, ya gudanar da bincike. Ranar farko ya gano zafi ne, aka ƙaro fanka biyu. Rana ta biyu ya gano mai shara ce ke taɓa waya da tsintsiya, aka hana ta shiga. Rana ta uku ya dubi Dakta, wadda ta haura shekara arba'in, cikin tausayi.

"'Yata, alƙalumanki ne suka yi nauyi," in ji shi. "Taskata an gina ta ne don lissafi mai tsabta. Ni da nake da lambar yabo daga ƙungiyoyi huɗu, ba zan rubuta abin da ke yoyo ba. Ki rage wa ambaliyar ruwa."

Duk wannan a gaban mai kula da ɗakin aka yi, wata dattijuwa da kowa ke kira Yaya. Yaya ba ta iya rubuta manhaja ba, kuma ba ta taɓa cewa ta iya ba. Abin da ta iya shi ne rajista. Duk sumar da kwamfuta ta yi tana da layinta: rana, da awar da ta kai kafin ta faɗi. A wani fayil ɗin kuma tana jera sanarwar kowane sabon muƙamin Shugaba, tunda kowacce sai an raba wa ma'aikata an sa hannu an gani.

Ranar Alhamis da safe tana kakkaɓe ƙura, tunda an hana mai shara shiga, sai ta ajiye rajistar da fayil ɗin gefe da gefe. Lokacin da Shugaba ke da muƙami bakwai, kwamfuta na kai awa sittin da ɗaya. Makon da na takwas ya zo, ta koma hamsin da biyar. Da na goma, arba'in da takwas. Da na sha ɗaya, wanda ya fi duka tsawo, wanda kuma wata ƙungiya da shi ya kafa ta ba shi, ta sauko arba'in da huɗu. Yaya ta sake dubawa da rula, sannan ta kira Dakta.

Doka ta hana taɓa taskar, ba ta hana karantawa ba. Kafin azahar Dakta ta ga wurin. A kowane mataki na lissafi, taskar na ɗauko cikakken sunan mai ita da duk muƙamansa daga jerin ma'aikatan cibiyar, ta buga a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar hatimi. A daidai inda ya kamata a mayar da wurin, Shugaba ya bar gargaɗi: "Kada a goge. Sunan mai aikin ne." Lissafin Dakta kuwa matakansa miliyoyi ne.

Dakta ta miƙe za ta hau bene ta faɗa masa ido da ido. Yaya ta ce ta zauna ta sha ruwa. Ta tuna mata cewa sa hannu suke nema kafin tsakar ranar Juma'a, ba nasara a gardama ba. Shekara tara tana kai wa mutumin nan takardu, ta san yadda yake karatu: yakan nemi layin da sunansa yake, ya bi shi da yatsa, ya ga ko an ci masa haƙƙi. Sauran takardar na ƙananan ma'aikata ne.

Yaya ta ɗauko fom ɗin gyara ta cika shi da gaskiya, ba ta ɓoye komai ba. A gurbin "Gyaran da ake nema" ta rubuta: a riƙa goge abin da ke sama bayan kowane mataki. A gurbin da ke samansa, wato "Musabbabin matsala", ta rubuta sunan Shugaba da muƙamai goma sha ɗaya, da manyan baƙaƙe, har sai da ta liƙa ƙarin takarda.

Da ta kai masa fom ɗin, ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa. Ya bi na ɗaya har na sha ɗaya, ya dawo ya sake bi. Ba a rage ko wasali ba.

"Malama mai rajista," ya ce, "yau ne aka fara rubuta ni daidai a takardar ofis."

"Haƙƙinka ne, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya nemi a yi masa kwafi.

Dakta ta yi gyaran, lissafin ya tashi ranar Juma'a, ya sauka ranar Lahadi, kwamfuta ko tari ba ta yi ba. Dakta ta shiga gaban kwamiti da sakamakonta, ta fito da makullin ɗakinta a hannu. A taron ma'aikata Shugaba ya bayyana cewa da sa hannu ɗaya ya warkar da ciwon da ya gagari kowa, kuma Yaya ta shigar da maganar a rajista, tunda gaskiya ce.

Kwafin fom ɗin yana nan a cikin gilashi, rataye a bayan kujerarsa. Duk baƙon da ya zauna a gabansa yana iya karanta taken gurbin da aka rubuta sunan a ciki. Shi ne dai har yau bai samu lokaci ba.