Nugget Ya Rame, Pop Bai Rame Ba

"...sai zafi, shi kuwa na kowa ne. Ke kuma wa ya turo ki da sassafe haka?"

"Kewarka ce ta kawo ni."

"Rabonki da kewata tun kina tsotsar yatsa, ita ma kewar alewar aljihuna ce. Buɗe jakar nan in gani ko uwarki na ciki."

"Tana birnin Melbourne, ta ce a gaishe ka."

"Gaisuwarta ba ta zuwa ita kaɗai. Me ta goyo?"

Tegan ta ajiye jakar a baranda. Kakanta Merv Dunstall, wanda 'ya'ya da jikoki duk suke kira Pop, yana kishingiɗe a kujerarsa, kofin shayi a kan tumbi, yana korar ƙuda da malafa. A ƙarƙashin kujerar kuma Nugget ne, karensa na kiwon tumaki, yana buga jela a katako.

Bara ne zuciyar Pop ta yi masa gargaɗi ana tsakiyar askin tumaki, har ya kwana a asibiti. Likita ya ce tafiyar ƙafa kullum, a rage kitse da gishiri. Pop ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa takawa zuwa inda ba shi da aiki ba. Sai 'yarsa Raelene, uwar Tegan, ta yanke magana: in aka koma asibiti a watan Maris ba a ga canji ba, za ta kwaso shi ya dawo wajenta a birni, a ba da gonar haya, kare kuma a nema masa wani gida, don benen da take zaune ba a shiga da kare.

Tegan ce ta kawo dabara ranar Kirsimeti. Ta ce a bar zancen Pop, a kama zancen Nugget. Tun da aka sayar da yawancin tumakin, karen ya zauna ya cika kamar buhun ulu. Sai ta tsara masa burin sabuwar shekara: yawon ƙafa safe da yamma har ƙofar gona ta can ƙarshe, a daina soya kitsen rago a gidan tunda ƙamshin ne ke sa shi roƙo, a kuma koya masa zama in an ce ya zauna. Ta haɗa wa Pop da sababbin takalman tafiya, wai don ya ji daɗin raka karen. Pop ya karɓa bai yi musu ba. Rashin musun nan ne ya hana ta sukuni, har ta tuƙo ta dawo kafin Janairu ya ƙare.

"Nugget, fito in gan ka."

Karen ya fito ya yi miƙa. Ƙugu ya dawo, ciki ya ɗage, gashi sai sheƙi. Tegan ta dube shi da kyau, sannan ta juya ta dubi tumbin da kofin shayi ke zaune a kansa daram.

"Kin gani?" in ji Pop. "Safe da yamma. Har tausayi yake ba ni."

"Ni kuma mamaki kake ba ni. Tare kuke yawon?"

"Ƙafata ƙafarsa."

"To ya aka yi shi ya zube, kai ko ramin bel ɗaya ba ka matsa ba?"

"Ƙafa huɗu gare shi, aikinsa ninki biyu ne. Me ake koya muku a jami'ar, ko lissafin ƙafa ba ki iya ba?"

"An koya mana gane tsohon da ke zuba ƙarya. Kunnensa ne ke yin ja."

"Rana ce. Ke da aka haifa da kunnuwa kamar an bar ƙofofin mota a buɗe, ki fita harkar kunne."

"A wajenka na gada. Hoton aurenka na nan a falo, kowa ya je ya duba."

"A lokacin iska ake yi."

"Zaman fa, ya koya?"

Pop ya zuba wa karen ido. Nugget ya sosa wuya, ya zagaya sau ɗaya, ya fara sauke gindi ƙasa.

"Zauna," in ji Pop.

"Sai da ka ga zai zauna ka faɗa."

"Mun fahimci juna ne. Ke har yau in an ce ki zauna tsayawa kike yi kina binciken mutane." Ya kurɓi shayi yana kallonta ta saman kofin. "Ni ma ina da tambaya, Sufeto. Likitan dabbobin nan da ya ce Nugget ya rage gishiri, ya sunansa?"

"Ba ka san shi ba. A Melbourne yake."

"A Melbourne. Daga can ya duba kare."

"Na nuna masa hoto."

"A hoton ya hango gishirin? Karen da ke cin mushen kangaru ya kwana lafiya, shi gishiri zai kayar? Kuma shi likitan ne ya ce mai kare ya haɗiyi ƙwayarsa ta safe kafin su fita?"

"Don kada ka faɗi a kansa. Kare ne, ba jaki ba."

"Na dai lura duk abin da aka hana Nugget, a farantina yake."

Tegan ta san Pop, in ya kama bakin zare sai ya warware rigar gaba ɗaya. Ta yi sauri ta juya akalar zancen.

"Ina takalman da na saya maka?"

"Suna hutawa, sun sha wuya. Suna bayan ƙofa, kada ki tashe su."

Ta tura ƙofar raga, ƙofar ta yi ƙara, ta leƙa. Ga su nan a jere, farare tas, igiyoyinsu a ɗaure yadda mai kanti ya ɗaure su.

"Pop, jar ƙasar gonar nan ko kallonta mutum ya yi sai ta ɓata masa riga."

"Wanke su nake yi kullum."

"Kai da kofin nan bai ga sabulu ba tun rasuwar kakata Nanna."

"Sabulu na kashe ɗanɗano."

"Miƙo hannunka."

"Duba kika koma yi? In kin ga arziki ki faɗa, in mutuwa ce ki riƙe abinki."

"Duka biyun."

Ya miƙo su yana tsaki. Na dama ya ƙone jawur daga gwiwa zuwa wuyan hannu, har fata na saɓa. Na hagu kuwa yana nan yadda ta bar shi ranar Kirsimeti. Tegan ta girma tana ganin irin hannun nan a jikin kowane manomi a yankin. Hannun da ke wuni a tagar direba ke nan, don motocin ƙasar a dama sitiyarinsu yake.

"Wannan rana akwai son kai. Dama kaɗai take ƙonawa?"

"In za mu tafi tana damana."

"In za ku dawo fa?"

"Kafin nan ta zagayo."

"Jiranka take yi ka juyo?"

"Mun daɗe tare da ita, ta girmi uwarki."

Tegan ta ciro igiyar kare daga ƙusa ta kaɗa ta, ƙarfen bakinta ya yi ƙara. "Nugget, mu je yawo."

Nugget ya ɗaga kai ya dube ta, ya yi hamma, ya kwantar da haɓa a kan ƙafafunsa.

"Ba ya bin baƙi," in ji Pop.

Makullin mota na kan ɗan teburin da ke gefensa. Ta ga lokacin da malafarsa ta fara sauka a kai a hankali, kamar ba da gangan ba. Ta riga malafar.

"Ajiye min abina. Motar nan ba ta son hannun mata."

"Ba hannun mata ba, hannun shaida."

Ta sauka daga baranda ta nufi tsohuwar akori-kurar da ke ƙarƙashin bishiya. Ta sauke murfin baya ta bar shi a buɗe, ta shiga ta murɗa makulli. Duk karen gona, da ya ji an ta da mota, tsalle ɗaya yake yi ya faɗa baya, kuma Nugget tun yana ɗan kwikwiyo haka yake yi. Injin na kamawa ya fito daga ƙarƙashin kujera kamar an harbo shi. Ya wuce bayan motar ko kallo bai yi ba. Ya zo ya tsaya daidai tayar gaba ta ɓangaren direba, kai a ƙasa, ido a kan hanyar gona, jiki na rawa, yana jiran a saki birki.

Tegan ta kashe motar. Wuri ya yi tsit, sai kukan wani tsuntsu daga kan tankin ruwa. Ta dawo baranda tana kaɗa makullin a yatsa.

"Pop."

"Ina ji."

"Kai a ciki, shi a ƙasa."

"Kin ce kare ya rame. Ya rame ko bai rame ba? Haka ubana ya riƙa motsa karnukansa, haka kowa ke yi daga nan har bakin kogi. Giya ta ɗaya, gwiwar hannu a taga, rediyo na faɗin farashin ulu. Burin Nugget ne, Nugget ya cika shi. In kuma burin wani ne aka rataya wa karena a wuya, sai a dube ni a faɗa min."

Ta zauna a matakalar baranda. Nugget ya dawo yana waigen motar, da alama an yi masa rowa.

"Naka ne," in ji ta.

"Na sani. Tun da na ga an saya wa kare takalmi daidai ƙafata na gane."

"To me ya sa ka yi shiru?"

"Ina so in ga iyakar wayonki. Bai da nisa."

"Pop, Mama ba wasa take yi ba. Har labulen ɗakin ta saya. Maris na zuwa, kuma likita ba Nugget zai ɗora a sikeli ba."

Pop ya dubi cikin kofinsa. Da ya yi magana, muryar ta sauka.

"Ranar farko na taka. Da tsofaffin takalmana, ban so in ɓata naki. Muna kaiwa wajen tafki ƙirjina ya riƙe. Na zauna a gindin shinge, ba kowa sai wannan yana lasar min fuska. Na waiga, gidan ya koma kamar kwalin ashana. Na zauna har abin ya sake ni. Washegari na ɗauki mota."

Tegan ce da kanta ta ce har ƙofar ƙarshe. Da ƙafar kare ta auna tafiyar, ba ta tambayi kowa ba. Ta so ta tashi ta rungume shi, amma ta san in ta yi haka zai ce ƙuda ne ya faɗa masa a ido, ya rufe zancen har abada.

"Ka faɗa wa wani?"

"In faɗa wa uwarki ta iso da motar kwasar kaya?"

"Likitanka za a faɗa wa, yau ɗin nan. Ni zan buga, kai za ka yi bayani, ina tsaye ina kallon kunnenka. Shi zai ce ga iyakar inda za ka taka, ba ni ba."

"Ba na Melbourne mai duba hoto ba?"

"Wancan ya yi ritaya ɗazu."

"In ya ce in taka fa, ƙirjin ya sake riƙewa a tsakiyar fili?"

"Ina nan har ƙarshen hutu. Kai a ƙasa, ni a mota. Giya ta ɗaya, gwiwar hannu a taga, rediyo na faɗin farashin ulu. Ka gaji, ka hau. Kafin in koma mun san inda ƙafarka ke kaiwa ba tare da gidan ya ɓace maka ba."

Pop ya ƙanƙance ido. "Wato ni ne karen."

"Nugget ya fi ka jin magana, amma za mu gwada. In ka yi ƙoƙari akwai biskit."

"Har da zauna za ki koya min?"

"Wannan ka riga ka ƙware."

Dariya ta ƙwace masa. Tumbin ya girgiza, kofin ya karkace, shayi ya zubo masa a riga, Nugget ya matso yana lashe na ƙasa. Sai da ya goge ido da bayan hannun da ya ƙone sannan ya iya magana.

"Uwarki ta haifi masifa, ni kuma na raine ta da alewa."

Tegan ta miƙa masa makullin. Ya dube shi, ya ture hannunta.

"Riƙe. Motar da ko Raelene ban taɓa bari ta zauna a kujerar direbanta ba. In kika ƙona min kuloci, ke za ki riƙa gudu a gefen taya."

"Na ji. In buga wa likitan?"

"Buga, kafin in canza ra'ayi." Ya sauke ƙafafunsa daga kan akwatin da ya ɗora su, ya motsa yatsun yana dubansu kamar ya daɗe bai gan su ba. "In kin shiga, ki fito min da takalman nan. Ki zaro takardun kantin da ke cikinsu, ki kuma kakkaɓe su da kyau kafin in zura ƙafa, na ga gizo-gizo ya riga ni tarewa a na hagun."