Rumfar da Na Shafe da Baƙin Mai

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da matan cocinmu suka zo zumunta gidanmu a unguwar Kachalla Sembe da ke Jalingo ba. Karon farko ke nan da layi ya zo kan matata, Maman Grace, kuma ta ɗauki abin da zafi. Don in fitar da ita kunya, na ce zan kafa mata rumfa a lambun bayan gida.

Katakon malaina na sayo, don shi ne daidai aljihuna. Matsalarsa laushi, gara na cinsa kamar tuwo. Na san ana shafa baƙin mai a gindin itace kafin a binne shi, sai na ce me zai hana in fi kowa? Na karɓo galan guda wajen bakanike, na sirka da kananzir, na shafe ginshiƙai, na shafe katakon sama, har bencunan zama ban ƙyale ba. (Ina yi ina fito, wai ni gwani.) Da safe na taɓa na ji kamar ya bushe. Ban yi shawara da zafin ranar Jalingo ba.

Da azahar mata suka cika rumfa, kowacce da farar riga da sabon zani. Ana cikin waƙa katako ya fara gumi. Ina laɓe bayan gwanda na ga ɗigon farko ya sauka a kan ɗankwalin shugabarsu, Mama Rifkatu.

Sai aka ce a miƙe a yi addu'a. Jama'a! Benci ya riƙe zannuwa, sai da kowacce ta fizga. Duk wadda ta juya baya, ga baƙaƙen layuka biyu raɗau. Matata ta watso mini harara.

Mama Rifkatu ta yafito ni. "Baban Grace, kai ne ka yi wannan aiki?"

Na ce ni ne, saboda gara.

Ta duba bayan zaninta ta ce, "To, mun gode. Yanzu kam gara ba za ta ci mu ba."

Aka bushe da dariya, ban da matata. Washegari ni na duƙa a kan baho ina cuɗa zannuwan matan coci, maƙwabta na leƙe suna yi mini sannu da aiki.

Tun daga ranar na gane: maganin gara a gindin katako ake shafa shi, ba a inda mutane ke ajiye nasu ba.