Abin da Ke Bayan Faifan Kaka Haula

"Lahiya lau, tsohuwa. Ina gajiya, ina ciwon gwiwa, ina sauran haƙoran nan biyu?"

"Suna nan suna jiran kunnenka. Shigo, mijin banza, ka ga aikinka."

Haka Tanimu da kakarsa Haula suka gaisa da hantsi, shi yana bakin ƙofa da jakar kayan aiki, ita tana kan tabarma tana fifita da murfin kwano. Sai dai ranar bakinsa ne kawai ke wasa, kunya ce fal cikinsa. Wata biyu ke nan da dawowarsa Dakoro daga koyon aikin wuta a Maradi, kuma ɗakin Kaka shi ne aikinsa na farko. Ya ja waya cikin bango, ya shafe da siminti, ya kafa piriz uku na jona kaya. Yau kwana huɗu duka ukun sun mutu. Ƙwan ɗaki na ci, amma fanka ta tsaya cik, wayar salula kuma sai an kai maƙwabta caji.

Kaka kuwa ba ta iya haƙuri da baki rufe ba. Ta leƙa ta katanga ta zazzage wa maƙwabciyarta Uwale komai, har da ƙari. Ita kuwa Uwale matar Intalla ce, mutumin da ya yi wa Tanimu alkawarin aikin wutar sabon shagonsa. Jiya Intalla ya aiko cewa a dakata tukuna.

"Kin kashe mini kasuwa, kin zauna kina fifita," in ji Tanimu.

"Ni na kashe? Wayoyinka sunka mutu, ni dai na yi shelar rasuwa."

"Ke da anka haihwa zamanin fitilar man gyaɗa, mi kika sani ga wutar kuran?"

"Fitilar man gyaɗa ba ta taɓa sa ni yawon gidajen mutane da salula ga hannu ba."

"To wa ke kiranki? Samarinki duk sun riga mu gidan gaskiya."

"Ko guda cikinsu ya tashi yau, sai ya hi ka iya aiki. Ni dai ka ba ni takardata in tahi gidanmu."

"Gidanku ya zama gonar gero tun kahin a haihi ubana. Zamna nan, ni kaɗai ke iya riƙonki."

Ya ajiye jaka ya fara daga farko yadda aka koya masa. Ya duba kontar, wato mitar wuta, lafiya lau. A ƙarƙashinta ya tarar da makunnin tsaron da ke ba piriz wuta ya faɗi. Ya ɗaga shi, ya sake faɗuwa nan take. Ya cire fanka da rediyo ya sake ɗagawa, bai tsaya ba. Ya kashe wutar ɗakin gaba ɗaya, ya kwance piriz ɗin ɗaya bayan ɗaya yana addu'a a zuci kada ya ga inda ya bar waya a sake. Kaka na bayansa tana tambaya ko a kira masa mai gyaran keke ya taimaka. Gumi ya jiƙa masa riga, ba na zafi kaɗai ba.

Bai ga kuskure ko ɗaya ba. Da ya raba wayar da ke tafiya wajen gadon Kaka da sauran, ya maido wuta, makunnin ya zauna daram. Ke nan ciwon yana cikin bango, tsakanin kusurwa da gado. Ya bi hanyar da ya san ya binne wayar da ɗan yatsa, har yatsan ya kai ga jeren faya-fayan da Kaka ta ƙawata bangon da su. Can ƙarshe akwai wani babban faifai da bai san da shi ba.

"Wanga faifai yaushe ya hau nan?"

Fifitar Kaka ta tsaya.

"Ya daɗe."

"Sanda na yi aiki babu shi."

"Idonka ne bai gani. Bar shi nan, ka duba wani wuri."

"Wani wurin lahiya shike. Mi kika ɓoye, tsohuwa? Wasiƙar saurayi?"

"Tanimu, na ce ka bar shi."

Rabon da ta kira shi da sunansa na yanka har ya manta, amma hannunsa ya riga ya ɗaga faifan. Ga ƙusa ƴar inci huɗu ta shige daidai kan hanyar waya, simintin gefenta ya yi baƙi. A jikin ƙusar, bayan faifan, hoto ne rataye da zare. Hoton babansa Yakubu ne, wanda ya shekara bakwai yana aiki a Arlit.

Wanda bai san Kaka Haula ba ba zai ga abin ɓoyo a nan ba. Yakubu ɗanta ne na fari, kuma ita ta tsohuwar tarbiyya ce. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in ya kira waya sai ta miƙa wa na kusa ta ce wancan ne. Wannan hoton kuma shi ne wanda ya ɓace daga ɗakin mahaifiyar Tanimu, aka share gida ana nema, daga ƙarshe aka ɗora wa akuya laifi.

Kaka ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kafa wa tabarma ido. Da ƙyar ta faɗa masa, murya ƙasa ƙasa, cewa ranar da aka ɗauke wuta ta buga ƙusar da taɓarya, ba ta kuma kawo a ranta cewa ita ce sanadi ba. Tanimu ya san da akwai wuta a lokacin da yanzu wani zancen ake. Ya fasa zolayar da ya tanado. Shi ma sai ya ji kunya ta kama shi, kamar ya shigo mata tana wanka.

Ya kashe wuta, ya zare ƙusar, ya fasa simintin, ya yanke inda ya ƙone ya haɗa sabuwar waya. Da ya kunna, fanka ta ɗauka. Ya fara tattara kaya.

"Kaka, in an tambaya sai in ce ni na yi kuskure wajen haɗi. Aikin Intalla ba shi ne ƙarshen aiki ba."

Ta dube shi ta gefen mayafi.

"Kai wa ya ce ka iya ƙarya? Ko ita sai ta lalace cikin wata biyu."

Ta dafa bango ta miƙe, ta ja takalmi har gindin katanga, ta kira Uwale. Ta ce a gaya wa Intalla aikin yaron nan ba shi da aibu, ita ce ta kafa ƙusa ta huda waya, kuma duk abin da ta faɗa kwanan baya ta janye shi. Uwale, da yake ba ta barin zance da saura, ta tambaya me ya kai ta kafa sabuwar ƙusa alhali bangon cike yake da su.

Tanimu da ya biyo ta ya buɗe baki zai tare mata, sai Kaka ta riga shi.

"Wani mummuna na rataya," ta ce. "Kamarsu guda da wanga."

Uwale ta dubi Tanimu, ta gane, ta sunkuyar da kai. Ta ce saƙo zai kai kafin azahar, ta sauka daga katangar.

Kaka ta dawo ɗaki ta buɗe kwalla, ta ɗauko cuku, busasshen nonon nan, guda uku masu faɗi, ta tura masa ba tare da ta dube shi ba.

"Ungo, ka toshe bakinka da su. In uwarka ta ji, na tsine wa auren nan namu."

"Akuya dai ta ci hoto, ni ban ga komi ba."

"To tashi ka kahwa mini wata ƙusar, inda babu wayarka."

Tanimu ya ɗauki guduma da hoton, ya tsaya yana kallon bango.

"Gaban faifai za ni sa shi, ko baya?"

Dariya ta ƙwace mata, ta kai masa duka da murfin kwano.

"Baya, marar kunya."