Rasuwar Ɗan Sulhu, Filash ɗin Malam Suhaib

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da miƙa wuya ga ƙaddara, iyalan Malam Suhaib mai gyaran kwamfuta na Limancin Kona suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar filash ɗinsa, ɗan abin ajiyar bayanan nan da ake soka wa kwamfuta, wanda aka fi sani da Ɗan Sulhu. Ya rasu bayan gajeruwar jinya, a wuyan jariri.

Marigayin bai kai ɗan yatsa tsawo ba, amma cikinsa gida ne mai sassa. A sashe ɗaya Linux ke zaune, a ɗayan Windows, manhajoji biyu masu tafiyar da kwamfuta, kuma kowa ya san ba sa ga maciji da juna. Malam Suhaib ya yanka musu tsakar gida, inda duk abin da ɗaya ya ajiye ɗayan zai gani ya ɗauka ba rigima. Nan laƙabin ya samo asali. Kwamfutocin da ya tayar bayan masu su sun fid da rai, daga Ƙofar Kibo har Tudun Wada, Allah kaɗai ya san yawansu. Ba shi da surutu. In an soka shi, "tilin" kawai za ka ji, sai aiki.

A tsakar gidan nan Malam Suhaib ya ajiye abin da ya fi ƙauna, wato muryar mahaifinsa, marigayi Malam Abdulhamid, yana sa wa 'ya'yansa albarka ɗaya bayan ɗaya. Wayar da aka ɗauki muryar da ita ta daɗe da ɓata. Kullum sai ya ce gobe zai yi kwafi, shi da yake wa masu kawo gyara wa'azin ajiya biyu har su ƙosa. Laifi tudu ne.

Asalin ciwon masu aro ne. A ce yanzu za a dawo da shi, ya kwana bakwai a gidan wani. Da Malam Suhaib ya gaji, sai ya kai shi wurin baduku aka ɗinka masa kube na jar fata da igiya, ya fito laya sak. Daga ranar ba wanda ya ƙara miƙa hannu, don a cikin birni ba a ɗaukar layar wani, ba a kuma buɗe ta. Dabara ta yi, har ta yi yawa.

Goggo Hajo, yayar mahaifin Malam Suhaib, ta zo duba ɗansa Abba, mai sunan kakansa, da zazzaɓin haƙori ya sa a gaba. Ta hango marigayin a jikin ƙusa, ta yi tsaki, ta ce ashe an karɓo wa yaro layar haƙori amma 'yan zamani sun rataya wa bango. Ta ɗaura masa a ƙarƙashin riga. Malam Suhaib ya birkice shago yana nema, ya ɓata da abokai biyu, alhali marigayin yana gida yana shan wankan ruwan zafi da sabulun salo safe da yamma. Tsakanin wanka da wanka kuma Abba yana tsotsarsa.

Da aka gano shi, an yi iya ƙoƙari. An shanya shi a rana, an kwantar da shi a kwanon shinkafa. Aka kai shi gaban Windows, shiru. Aka kai shi gaban Linux, shiru. Ranar ce ta farko da su biyun suka yi baki ɗaya ba da sa hannunsa ba. Malam Suhaib ya yi kuka, bai ɓoye ba.

Marigayin ya bar kwamfuta ɗaya, da masu aro da dama, da haƙora biyu a bakin Abba, waɗanda Goggo Hajo take nuna wa kowa don a shaida layar ta ci.

Za a karɓi gaisuwa a zaure bayan la'asar. Ana roƙon masu zuwa kada su taho da gyara, kuma kowa ya yi kwafin abinsa kafin ya fito daga gida.

Jana'iza kuwa an ɗage ta, don Goggo ta sake ɗaura gawar a wuyan Abba, ta ce ba mai cirewa sai turamen haƙoransa sun fito. Malam Suhaib ya haƙura. Dama burinsa in yaron ya yi wayo ya kunna masa muryar kakansa. Hakan ba zai yiwu ba yanzu, don haka ya ce a bar masa ita a ƙirji.