Rasuwar Bakin Ƙahon Zaharadden a Unguwar Bani Malik

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Zaharadden, tsohon ɗan badujala kuma lebura a unguwar masana'antu ta Jidda, ke sanar da 'yan uwa rasuwar amininsa, bakin ƙahonsa na tagulla, wato ɗan ƙoƙon da ake ɗora wa leɓe a busa.

A Kaduna suka haɗu, lokacin Zaharadden yana busa ƙaho mai matsakaiciyar murya. Ya gwada bakuna tuli kafin ya dace. Wani ya cika faɗi yana shanye numfashi, wani kaifin gefensa na yanka leɓe. Marigayin kaɗai ya zauna daidai da giɓin haƙorinsa. Da Zaharadden zai taho umara, ƙahon na hukuma ne, sai ya bar shi ya sako bakin a aljihu.

Marigayin mai haƙuri ne. Shekara da shekaru ya zauna a Jidda ba ƙaho, daga aljihu sai leɓe. Kullum bayan la'asar a saman bene sai ka ji shi, “zuuu, zuuu”, kamar ƙudan zuma a tulu. Bara Allah ya haɗa shi da wani tsohon ƙaho daga kasuwar gwanjo, muryarsa ta dawo, “fuuum”, har wani mai ƙungiyar kiɗan biki ya ce su zo gwaji, in an dace zai zama kafilinsu, wato ya tsaya musu, ya yi musu iƙama, takardar zama a ƙasar.

Ajali ya riga gwajin. Ana binciken aljihun leburori a ƙofar sito, sai Majid mai kula da su ya zaro shi. Ya ɗauka ƙarfen famfo ne aka sato, ya yi jifa da shi, motar ɗaga kaya ta bi ta kai. Kalmarsa ta ƙarshe “ƙwas” ce. Majid bai ko waiwaya ba.

Zaharadden ya zaga shagunan unguwar Safa neman magaji, duk leɓensa ya ƙi su. Da baƙon baki ya je gwajin, sauti ya tsage tun a busar farko, aka ɗauki wani.

Marigayin ya bar mata guda, wato ƙahon, tana takaba a ƙarƙashin gado, da leɓɓa biyu marayu, da Hajiya Mastura ta ƙasan bene, wadda ta ce yanzu kunnenta ya huta. An ji, Hajiya.

Za a naɗe shi a farin ƙyalle a binne a gindin bishiyar da ke bayan gida, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Zaman makoki a ɗakin Rafi'u tela. Ana roƙon masu ta'aziyya su shigo ɗaya-ɗaya, kada a yi cincirindo a ƙofa, domin mai makokin da yawancin masu yi masa gaisuwa ba wanda ke da takardar zama.